Ranar da Maman Tsigi Ta Yi Gum

Duk wanda ya taɓa zama a benen nan ba ya bukatar agogo don ya san lokacin cin abinci ya yi. Da zarar ka ji murya ta tashi daga hawa na biyu tana cewa, "Haɗiye! Na ce ki haɗiye!" to an ajiye wa Tsigi faranti ke nan. Masu wanki a ƙasa sukan ɗaga kai su ce an fara. Mai shagon bakin ƙofa kuwa har rage muryar rediyonsa yake yi, wai wasan da ake yi a sama ya fi daɗi.

Tsigi 'yar shekara biyar ce. Ba sunan yanka ba ne, ƙanƙantarta ce ta jawo mata. Ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, wuya kamar mariƙin cokali, sai idanu dara-dara. Ba ta ciwo, ba ta zama wuri ɗaya, tana iya yini tana hawa bene da sauka ba ta yi haki ba. Ita da abinci ne dai ba sa ga maciji da juna. In an yi sa'a an tura mata loma, sai ta kai ta kumatu ta adana kamar wadda aka ba ajiya, ta ci gaba da kallon bango. An taɓa zaƙulo yankan karas a bakinta bayan ta tashi daga barcin rana.

Uwarta tela ce, tana da ɗan shago a tsallaken titi. Mace ce mai jiki, mai murya, mai zuciyar kirki, kuma babu abin da ya tsaya mata a rai kamar ta ga 'yar nan tata tilo ta yi ɓul-ɓul. Ta yini tana auna 'ya'yan mutane, ta dawo gida ta zagaya tef ɗin a ƙugun tata 'yar, ta ga yana nan inda yake tun bara. Don haka kowane cin abinci yaƙi ne, kuma tana da makamai iri-iri. Ta fara da jirgin sama, cokali ya yi ta shawagi yana neman wurin sauka. In jirgi bai samu fili ba, a koma loma ɗaya don Abba, loma ɗaya don Kaka. Daga nan sai "ni ɗaya, ke ɗaya". Sai alkawarin alewa. In duk sun ƙare, sai ta sa hannu a ƙarƙashin tebur ta ƙwanƙwasa, ta zaro ido ta ce, "Wa ke nan? Mai allura ce? To bari in je in duba tukunya, in na dawo ba a cinye ba, buɗe mata zan yi." Kuma abin mamaki, in ta dawo daga kicin sai ta tarar faranti ya yi sauƙi sosai. Ta ce, "Kin gani? Ke ba kya jin lallashi, sai an kira miki mai allura."

Baban Tsigi mai gyaran firji ne, mutum mara hayaniya. Shi a teburin nan iyakar abin da yake cewa, "A bi ta a hankali," a ce masa, "Hankalin ne ya kawo mu nan." A 'yan shekarun nan ya ɗan ajiye tumbi, matar kuma tana alfahari da shi, tana cewa ko ba komai akwai wanda girkinta ya karɓa a gidan.

Wata rana ta kai Tsigi asibitin unguwa awon nauyi. Sistar da ke wurin, wata siririya mai tabarau, ta ɗora yarinyar a sikeli, ta duba, ta rubuta, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fara taɓa Maman Tsigi. Sannan Sista ta ɗago ta ce, "Maman yarinya, muna wani aiki ne a kan yadda iyaye suke bi da yara wajen cin abinci. Wasu lallashi, wasu tsawa, wasu su zuba ido. Muna so mu auna mu gani. Za ki yarda in zo gidanku ranar Asabar da rana, in kafa waya in ɗauki yadda kuke cin abinci?"

Kunya ta sa ta ce, "To, babu komai, Allah ya kai mu." Sai da ta fito titi maganar ta dawo mata. A auna? Ita fa tela ce, ta san ba a awo sai za a yanka.

A gindin matakala ta tarar da matar hawa na ɗaya zaune tana tsintar shinkafa a tire. Wannan mata kowa a benen Na-ji-an-ce yake kiranta, don ba a taɓa jin ta fara zance da wata kalma ba. Yadda labarin ya riga Maman Tsigi isowa gida kuwa, Allah kaɗai ya sani.

"Na ji an ce 'yan asibiti za su zo miki gida."

"Eh, Yaya, wai kallon cin abinci."

Na-ji-an-ce ta ajiye tire, ta tafa hannu a hankali. "Kallo? Hmm. Tsigi, hau sama, ga ki nan kamar a hure ki." Sai da yarinyar ta ɓace ta rage murya. "Haka aka yi wa 'yar ƙanwar matar yayan mijina. Suka kafa waya suka zauna suna ƙirge. Kowace tsawa a ja layi, kowane 'ci mana' a ja layi. In layi ya yi yawa sai su ce uwar ce ciwon yaron. Shi ke nan, a kwantar da shi a asibiti, a zura masa roba ta hanci har ciki ana ɗura masa madara. Uwa kuwa tana benci a waje, sai ta taga take leƙe."

"Ta hanci, Yaya?"

"Ta hanci. Ni ban gani ba, amma wadda ta gaya mini ba ta ƙarya sai ta kama dole."

Maman Tsigi ta ja da baya. Ta dafa bango. "To in koma in ce na fasa."

"Ki fasa? Nan ne za su ce akwai abin da kike ɓoyewa. Ke dai ki ji shawarar manya. Ranar nan ki yi gum. Kada ki ce ci, kada ki ce bari. Ki yi ta murmushi irin na matan da ke tallar sabulu a talabijin. Irin iyayen da suke so ke nan yanzu, masu murmushi. Ke kuwa, ba don in ɓata miki ba, muryarki har kanti ake ji."

Daga ranar nan Maman Tsigi ba ta ƙara sanin ɗanɗanon abinci ba. In ta rufe ido, hancin 'yarta take gani, ɗan ƙanƙanin hancin nan da ko zaren allura sai an lallaɓa, wai an zura masa roba. A shago ta juya madubin da masu gwajin kaya ke dubawa, tana taka keke tana koyon murmushi. Har ta haɗa wa wata hannun riga a baibai. Matar ta zo karɓa, ta gan ta tana yaƙe haƙora ita kaɗai, ta ce, "Lafiya dai? Ko haƙorin ne?"

Ta kuma ja wa maigidan kunne. "Baban Tsigi, ranar Asabar kada in ji bakinka."

"Ni da ma ina da baki a teburin nan?"

"Ba wasa nake ba. Ka sa rigar kirki. Kuma wannan mataccen firjin mutane da ka girke mini a falo, ka fitar da shi."

"Ranki ya daɗe, mutum uku ne suka hau da shi."

Ƙarshe dai zanin gado aka lulluɓa wa firjin, aka ɗora furen roba a kai. Ba ta gaya masa zancen roba ba, don ta san shi, cewa zai yi wa ya faɗa, in ta ce Na-ji-an-ce ya yi dariya. Ita kuwa ba ta da ƙarfin jin dariya.

Ranar Asabar ta dafa taliya da ƙwai da karas, ta goge tebur har yana ɗaukar ido, ta sa wa Tsigi riga mai fiffike wadda ke ɗan ƙara mata faɗi. Sista ta iso da kayan gida, ba fararen kaya ba, sai dai jakarta ta asibiti tana rataye. Tsigi na ganinta ta shige bayan uwar, ta riƙe zani.

"Umma, ita ce mai allurar?"

Maman Tsigi ta yi murmushi.

Sista ta kafa wayarta a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku, ta saita ta wajen tebur, ta ja kujera can kusa da lulluɓaɓɓen firji ta zauna. "Ku yi kamar ba na nan. Yadda kuka saba kullum, haka nake so."

Baban Tsigi ya yi ɗan tari.

Aka zuba abinci. Na Tsigi kamar kullum, tuli guda, har da tozo. Yarinyar ta hau kujerarta, ta damƙe leɓɓa, ta sa hannuwa a ƙarƙashin cinya, ta shirya wa jirgin sama. Jirgi bai taso ba. Ta saci kallon uwar. Uwar na zaune ƙiƙam, hannu a kan tebur, haƙora a waje.

Aka yi shiru. Irin shirun da har kana jin famfon maƙwabta na ɗiga. Can ƙasa mai shago ya rage rediyo, ya saurara, ya ƙara ragewa.

Tsigi ta ga abin ba na lafiya ba ne, sai ta fara gwaji. Ta tura faranti gaba da yatsa ɗaya. Shiru. Ta ɗauki yankan karas ta sake shi a ƙasa tana kallon idon uwar. Shiru, sai dai gefen bakin uwar ya ɗan yi rawa. Ta ɗora ƙafa a kan tebur, abin da ko a mafarki ba ta taɓa yi ba. Maman Tsigi ta ji "Sauke!" ta taso mata tun daga ciki har maƙogwaro, ta tuna roba, ta mayar da ita, ta ƙara faɗaɗa murmushi. Gumi ya fara bin bayan kunnenta.

Nan fa idon Tsigi ya kawo ruwa. Ta sauke ƙafar da kanta, ta sauko daga kujera, ta zagayo, ta yi ɗage ta ɗora bayan hannunta a goshin uwar.

"Abba, Umma ba ta da lafiya."

Abba ya dubi waya, ya dubi matarsa, ya cusa taliya a baki don kada ya amsa.

"Ba ta da lafiya mana! Ga shi ko abincinta ba ta taɓa ba." Ta jawo kujerarta kusa, ta hau ta durƙusa a kai, ta ja farantin uwar gabanta, ta cika cokali. Sai ta gyara murya, muryar da duk benen ya sani, sai dai ta fito siririya.

"To, ga jirgi nan! Wuuuu! Buɗe fili, buɗe fili, mutane na ciki za su faɗo!"

Yaya Maman Tsigi za ta yi? Waya na kallo. Ta buɗe baki. Sai dai lomar ta ƙi wucewa, ta tsaya a kumatu.

"Haɗiye. Na ce ki haɗiye! Ina ganin kumatunki, kada ki mai da ni makauniya. Ke kullum sai kin sa mutum magana?"

Can gefen firji aka ji wani ɗan sauti kamar atishawar da aka danne. Sista ce ta sa hankici a baki.

"Wannan don Abba. Yawwa, 'yar albarka. Wannan don Kaka, ko kina so Kaka ta yi fushi? Dubi yadda kika rame, mutane su ce ba na ba ki abinci." Da ta ga uwar ta kawar da kai, sai ta sauya dabara. "To shi ke nan, ni ɗaya, ke ɗaya. Kalle ni. Kin ga? Aaam." Ta kai cokali bakinta, ta tauna, ta haɗiye, ta buɗe baki ta nuna babu komai. "Da wuya? Ba wuya. Saura ke."

Haka suka yi ta yi, ita ɗaya, uwar ɗaya. Maman Tsigi na kallon abin da ba ta taɓa gani ba, taliya na wucewa ta wuyan 'yarta salin alin, amma ba ta samu damar murna ba, don kowace kalma da ke fita daga bakin yarinyar ji take kamar ana jan layi. Duk abin da ta kwana biyu tana ɓoyewa, ga shi ana zazzage shi a gaban waya, da muryarta, da harararta, har da yadda take riƙe ƙugu.

Da aka kai rabin faranti, uwar ta kasa. Ta girgiza kai, murmushin ya koma kamar na mai ciwon ciki. Tsigi ta ajiye cokali, ta yi ajiyar zuciya irin ta manya, ta sa hannu a ƙarƙashin tebur ta ƙwanƙwasa.

"Wa ke nan? Mai allura ce?" Sai ta tuna, ta juya ta nuna Sista da yatsa. "Yau ma ba sai an buɗe mata ba, ga ta nan a zaune."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Maman Tsigi ta shige ta ja zaninta. Yarinyar ta ga idon uwar ya yi ja, sai tausayi ya kama ta. Ta matso ta yi mata raɗa, irin raɗar yara da ake ji har waje.

"Kada ki ji tsoro, Umma. Abba zai taimake ki." Ta ɗaga murya. "To, bari in je in duba tukunya. In na dawo ba a cinye ba, ku kuka sani."

Ta sauka ta tafi bakin ƙofar kicin, ta juya musu baya, ta tsaya. Ta ɗan leƙo.

"Abba, yi sauri mana."

Baban Tsigi ya ajiye cokalinsa a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ya shiga nazarin silin.

Tsigi ta dawo ta duba faranti, ta ga yana nan yadda ta bar shi. Ta riƙe ƙugu. "Abba! Ba ka cinye mata ba? Ni ai kullum kana cinye mini. Ita ba ka tausayinta?"

Murmushin da aka kwana biyu ana koyo a nan ya faɗi. Maman Tsigi ta juya ta dubi mijinta, ta dubi tumbin nan da take alfahari da shi, ta dubi farantin 'yarta.

"Kullum?" ta ce, muryar ta dawo gaba ɗaya. Can ƙasa aka ji wani ya ce yawwa. "Baban Tsigi, kullum? Kai ne mai allurar?"

"Ranki ya daɗe, ba kullum ba. Wani lokaci..."

"Kullum ne," in ji Tsigi. "Har da karas."

Faɗa ta buɗe baki za ta yi, sai wani abu ya fi faɗan ƙarfi ya danne shi. Ashe ɗan abin da take zaton yarinyar na ci ma ba ita ke ci ba. Ashe abin ya fi yadda take tsoro. Kuma duk waya ta ɗauka. Ba ta san lokacin da ta tashi ba, sai ganinta aka yi a gaban Sista, ta durƙusa ta kama hannunta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Sista, don girman Allah. Laifina ne, na yarda, ki ja mini layi ko nawa ne. Ina tsawa, ina tsorata ta, duk abin da kika ji haka nake yi. Zan daina. Amma kada ku sa mata roba. In ma dole sai an kwantar da ita, ku bar ni a ciki, ko a ƙasa zan kwanta, ba zan yi magana ba."

Sista ta cire hankici daga baki, dariyar ta ɗauke. Ta miƙa hannu ta kashe wayar.

"Wace roba?"

"Ta hanci."

"Hancin wa? Wa ya gaya miki haka?"

"An ce..."

Baban Tsigi ya dafe kai. "Na-ji-an-ce. Wallahi sai da raina ya ba ni. Shi ya sa kike ta yi mini yaƙe tun shekaranjiya?"

Sista ta kamo ta ta tayar, ta zaunar da ita a kan kujerarta. "Maman yarinya, ki dube ni. Yaron da ake sa wa roba, yaron da ko kansa ba ya iya ɗagawa ne. Wannan kuwa tun da na shigo ta hau kujera ta sauka ban san iyaka ba, har ta ciyar da babbar mace. Babu mai kwantar miki da 'ya. Nauyinta kaɗan ne, gaskiya, amma tun tana goye yake tafiya a kan hanyarsa, bai taɓa ja da baya ba. Ƙaramar ƙira ce da ita, shi ke nan."

"To me ya sa kika yi shiru da kika duba sikeli?"

"In babu matsala ai ba ma tsayawa magana, kin ga layin da ke bayanki ranar."

"Me ya sa kuma ni kika zaɓa?"

"Duk uwar da ta kawo mini mai shekarunta a watan nan sai da na roƙe ta. Ke ce ma kika fi kowa saurin cewa to."

Maman Tsigi ta saki wata ajiyar zuciya wadda sai da furen robar da ke kan firji ya motsa. Amma ba ta gama yarda ba. Ta nuna mijin da haɓa. "Ga shi kuwa wannan bawan Allah ne yake cinye rabon nata."

Sista ta ce, "Tsigi, zo. Dunƙule hannunki." Yarinyar ta matso a ɗarare, ta miƙa ɗan dunƙulen hannu kamar ƙwan kaza. "Kin ga wannan? Cikinta bai fi shi da yawa ba. Yanzu dubi abin da kika zuba mata. Wannan tulin ko ni sai na yi da gaske."

"Ni ma da gaske nake yi," in ji Baban Tsigi.

"Kai ka yi mini shiru, zan zo kanka," in ji Maman Tsigi.

"Ɗan abin da take ci kafin a kawo mata agaji, da na makaranta, da ɗan abin taɓawa, shi ya riƙe ta har yau," in ji Sista. "Ki samo ƙaramin faranti, ki zuba kaɗan, ki zauna ki ci naki tana gani. In ta ce ta ƙoshi, ki gwada yarda da ita. Ba na ce zai yi sauƙi ba."

Tsigi dai idonta na kan jaka. "Kin zo da allurar?"

"A'a, 'yata, kallon cin abinci na zo, kuma na ga gwana." Ta juya wajen uwar. "Wannan ita ce alfarmar da ni ma zan roƙa. Ki sallame ni daga teburinki. Akwai rigakafin da ke jiranta nan gaba, kada ta hango ni ta haura katanga."

Maman Tsigi ta rufe fuska da gefen mayafi, tana dariya tana sharar hanci. "Na sallame ki, Sista. Ki yafe ni, na daɗe ina sa ki aiki ba ki sani ba."

Sista ta naɗe ƙarfenta ta sa a jaka. Ta ce na yau dai ba zai shiga aikin ba, don ba haka gidan yake cin abinci ba, za ta dawo wata Asabar in an yarda. "Kuma in na dawo, ki yi yadda kika saba. Ba jarrabawa ba ce, babu mai faɗuwa, ko sunanku ba ma sawa."

"Har da tsawar?"

"In ta zo miki. In ban ga gaskiya ba, me zan auna?"

Suka raka ta bakin matakala. Da Maman Tsigi ta dawo ta rufe ƙofa, sai ta jawo kujera. Ta zauna a bakin tebur. Nan take wata yunwa ta taso mata, yunwar kwana biyu da ta rasa hanya sai yanzu. Ta ja farantinta ta share sauran taliyar nan da ta huce, ta tashi ta ɗauko tukunyar gaba ɗaya. Tana cikin ci ta hango maigidan ya ɗauki jakar kayan aikinsa yana sanɗa wajen ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Wani firji ne aka ce yana zubar da ruwa."

"Ya zubar. Zauna. Tun yaushe?"

Ya zauna a bakin kujera, jaka a cinya. "Tun tana shekara uku. Ranar nan da ta yi ta kuka har ta yi amai. Na ga kin gaji, ita ma ta gaji, sai na ce bari in rage muku hanya. Daga nan kuma abin ya zama aiki."

"Shekara biyu kana cin abincin yarinya, ni kuma ina yawo ina cewa girkina ya karɓe ka."

"To ai ya karɓe ni. Kin taɓa jin na yi ƙorafi?"

Ta ɗauki tsumman goge tebur ta wurga masa, ya kauce, ya sami furen roba. Dariya ta kama ta, ta yi ta yi har ta riƙe ciki, har Tsigi ta zo ta sake taɓa goshinta ta ce yanzu kam ta warke.

Ba ta wanke kwanuka ba. Ta ce bari ta ɗan miƙe a doguwar kujera kafin ta koma shago, ko mayafi ba ta cire ba. Kafin a ce me, barci ya yi gaba da ita, baki a buɗe, rana tsaka. Can wata mai ɗinki ta hawo tana ƙwanƙwasa ƙofa tana kiran a ba ta kayanta. Baban Tsigi ya buɗe kaɗan, ya sa yatsa a leɓe, ya ce ta yi haƙuri ta dawo gobe.